Kintsugi: Yadda Ake Ɗinke Tangaran da Ƙaron Urushi Kafin a Kai ga Zinariya

Wanda ya ga hoton kwanon shayin Japan da jijiyoyin zinariya suka ratsa jikinsa, abin da zai fara zuwa masa shi ne an narka zinariya an ɗura a tsagar, kamar yadda mai walda ke haɗa ƙarfe da ƙarfe. Hakan ba ya yiwuwa. Zinariya ba ta narkewa sai wuta ta kai digiri 1,064, kuma ko ta narke ba ta kama jikin tangaran. Abin da ke riƙe da kwanon ƙaron wata bishiya ne da Japanawa ke kira urushi, wanda aka cuɗa da garin alkama. Zinariyar ƙura ce kawai da aka barbaɗa a saman ɗinkin, kaurinta bai kai na silin gashi ba. Gyaran kwano ɗaya kan ci wata biyu zuwa uku, amma barbaɗa zinariyar ba ya wuce minti goma ko ashirin. Sunan sana'ar, kintsugi, yana nufin haɗi da zinariya, shi ya sa ido ke tafiya can. Kusan duk abin da ke sa aikin ya yi kyau ko ya lalace, da duk ƙa'idar kula da kwanon bayan an gama, daga halin urushi suke fitowa.

Bishiyar tana tsirowa a Sin da Koriya da Japan. Sai ta shekara 10 zuwa 15 kafin a fara tatsarta. Daga watan Yuni zuwa wajen Oktoba mai tatsa yana zagayowa duk bayan kwana huɗu ko biyar, ya yi wa ɓawon sabon tsagi a kwance, ya kwashe ruwan da ya tsattsafo da ɗan ƙarfe mai lanƙwasa. Abin da bishiya ɗaya ke bayarwa a duk kakar bai wuce kimanin giram 200 ba, wato cikin kofin shayi guda, daga nan a sare ta, sabon toho ya fito daga kututturen. Yankin Joboji da ke jihar Iwate a arewacin ƙasar shi ke samar da mafi yawan urushin gida, amma fiye da kashi 90 cikin 100 na wanda ake aiki da shi a Japan daga waje ake shigo da shi, galibi daga Sin. A 2015 hukumar kula da al'adu ta ƙasar ta ba da umarnin a riƙa gyara gine-ginen tarihi da ke ƙarƙashin kariyarta da urushin gida, abin da ya ƙara masa daraja da tsada. Mai gyaran kofin gida ba ya bukatar na Joboji. Ɗanyen urushin Sin mai kyau, wanda bai kwana biyu a shago ba, ya ishe shi.

Ɗanyen, wanda ake kira ki-urushi, yana fitowa da launin shayi mai madara, da ya sha iska kuma ya fara duhu. Kimanin kashi 60 zuwa 65 cikin 100 nasa wani mai ne da ake kira urushiyol, kusan kashi ɗaya cikin huɗu ruwa ne, sai ɗan ƙaro, sai wani inzayim, wato sinadarin da ke hanzarta haɗuwar wasu sinadarai, ɗan kaɗan mai suna lakes. Wannan ɗan kaɗan ɗin shi ne mai aikin. Yana ɗauko iskar oksijin yana ɗaure ƙwayoyin man da juna har su zama fata mai tauri wadda asid da gishiri da barasa da ruwan zafi ba sa narkarwa. Kuma ba ya motsawa sai da danshi. A nan ne hankalin da muka saba da shi ke yaudarar mutum: fenti da gam da laka duk rana da iska ke busar da su, urushi kuwa a busasshen wuri zai yi mako yana danƙo. Yana son zafin digiri 20 zuwa 30 da danshin iska kashi 70 zuwa 85 cikin 100. In sanyi ya sauka ƙasa da digiri 15 aikin sai ya yi nawa, in zafi ya haura 40 inzayim ɗin ya fara lalacewa. Wanda zai gwada a ƙasashenmu ya san cewa hunturu da tsakiyar bazara su ne mafi wahala, damina kuma ita ce ta fi kusa da abin da urushi ke so.

Saboda haka kowane mai sana'ar yana da akwatin da ake kira muro. Na ƙwararru kabad ne na katako da ake jiƙa cikinsa. Na mai koyo kwali ne mai murfi, a shimfiɗa leda a ƙasa, a ɗora jiƙaƙƙen tawul da aka matse, a sa ɗan katako a kai don kwanon kada ya taɓa ruwa, a ajiye ɗan agogon auna zafi da danshi a gefe. Danshin ma in ya wuce kima ɓarna yake yi. Saman shafin sai ya yi saurin kamawa ya rufe na ƙasa, fatar ta yamutse, launin ya yi duhu fiye da yadda ake so. Abubuwa biyu kuma suna hana urushi kamawa ko da akwatin ya yi daidai, mai da gishiri. Zufar yatsa tana ɗauke da duka biyun. Sau da yawa in aka ga wuri ɗaya a ɗinki ya ƙi bushewa alhali sauran ya bushe, a nan aka riƙe kwanon da hannu tsirara, ko kuma burushin bai rabu da man da aka wanke shi da shi ba.

Dole a yi maganar ƙaiƙayi tun kafin a buɗe bututun. Ɗanyen urushi yana sa wa yawancin mutane borin fata, Japanawa na ce masa kabure: ja, kumburi, ƙuraje masu ruwa, da ƙaiƙayin da ke hana barci. Ba ya fitowa nan take, yakan ɗauki yini ɗaya zuwa 'yan kwanaki, ya kuma yi mako ɗaya ko biyu kafin ya lafa. Bishiyar dangin mangwaro ce da yazawa, don haka wanda ƙaron mangwaro ko man ɓawon yazawa ya taɓa ƙona masa leɓe ya san ƙanin abin, kuma shi ya fi kowa bukatar taka-tsantsan. Safar hannu ta roba, riga mai dogon hannu, da kiyaye kai hannu fuska. In ya taɓa fata, a fara murza wurin da man girki ya narkar da shi, sannan a wanke da sabulu, domin ruwa kaɗai baza shi yake yi. In fuska ko ido ya kumbura a je asibiti. Bayan ya gama taurara sarai ba ya cutarwa, shi ya sa Japanawa suka daɗe suna shan miya a akushin da aka shafe da shi.

Daɗewar ba ƙarama ba ce. An tono kayan da aka shafa wa jan urushi a Kakinoshima da ke tsibirin Hokkaido, masu kimanin shekara 9,000, kuma an samu tukwanen zamanin Jomon, wani daɗaɗɗen zamani a tarihin Japan, da aka liƙe tsagarsu da shi. Wato liƙin ya girmi zinariyar da dubban shekaru. Labarin da ake yawan bayarwa kan asalin kintsugi shi ne na shugaban mulkin soja Ashikaga Yoshimasa, wanda ya rayu daga 1436 zuwa 1490. An ce koren kwanonsa na ƙasar Sin ya tsage, ya aika can a nemo masa irinsa, aka ce yanzu babu mai iya yin kamarsa, aka maido masa da nasa an ɗinke da ƙusoshin ƙarfe, irin ɗinkin da gyartai ke yi wa ƙwarya. Kwanon yana nan, sunansa Bakohan, yana gidan adana kayan tarihi na ƙasa a Tokyo da ƙusoshinsa shida. Sai dai rubutun da ya kawo labarin na 1727 ne, sama da shekara 200 bayan rasuwar Yoshimasa, kuma kwanon daraja ya ƙara saboda ƙusoshin, ba a raina shi ba. Cewa muninsu ne ya tura masu sana'a neman zinariya ƙari ne na baya. Abin da ke tabbas shi ne sana'ar ta bunƙasa tare da al'adar shan shayi ta ƙarni na 16 da na 17, lokacin da kwano ɗaya daga Koriya ko Sin ke da suna da tarihin iyayen gijinsa, kuma masu zanen zinariya a kan urushi, wato maki-e, suna nan da kayan aikinsu. Jan kwano mai suna Seppo na shahararren maginin kwanonin shayi Hon'ami Koetsu, wanda ya tsattsage tun a wajen gashi aka cike tsagar da zinariya, ana kallon layukansa kamar ƙoramun ƙanƙarar da ke narkewa daga kan dutse.

Aikin kansa yana farawa da duba irin raunin da irin jikin. Akwai fashewa gida-gida, akwai ɓantarewar baki, akwai tsagar da ba ta rabu ba, wadda wani lokaci ba a ganinta sai an ƙwanƙwasa kwanon an ji ƙararsa ta mutu. Jiki kuma iri biyu ne. Na yumɓu mai shan ruwa yana kama urushi da kyau, amma yana tsotse shi, sai a wayi gari da baƙin tabo ya bazu a gefen ɗinkin wanda ba ya fita har abada, musamman in fatar gilashin da ke samansa mai ƙananan tsage-tsage ce ko kuma babu ita. Irin wannan sai an rufe gefen tsagar da salatif ɗin takarda kafin a fara. Farin tangaran mai tauri ba ya tabo, amma santsinsa na sa liƙin ya ƙi zama, don haka ake karce fuskar karayar, wasu kuma su ƙara gam ɗin fata da ake kira nikawa a cikin haɗin. In an taɓa liƙa kwanon da gam ɗin kanti, sai an cire shi tas, ta hanyar dafawa a ruwa ko jiƙawa da asiton, ruwan da ake goge fentin farce da shi. A wanke maiƙo, a goge da sifirit, a bar na yumɓu ya yi kwana biyu ko uku yana bushewa, domin ruwan da ya ɓuya a jikinsa zai raunana liƙin.

Sai a bi kaifin kowane ɓari da ƙaramar zarto mai ƙurar daimon, a ɗan kashe shi kaɗan, yadda in an haɗa ɓari biyu za a samu siririn kwari da farce ke iya ji. Masu koyo kan tsallake wannan don tsoron ƙara ɓarna, daga baya layin zinariyarsu ya ɓare, domin ba shi da inda zai zauna. Bayan haka a tsinka ɗanyen urushi da ɗan tarfantin, man da masu fenti ke sirka fenti da shi, a shafa a fuskar karayar, a danna takarda mai laushi a tsotse rarar, a sa a akwati kwana ɗaya. Wannan shi ne share fage.

Gam ɗin sunansa mugi-urushi. A zuba garin alkama kamar rabin ƙaramin cokali a kan gilashi, a ɗiga ruwa kaɗan-kaɗan ana murzawa da hera, wato ɗan falankin katako mai siririn baki, har ya zama ƙullu mai laushin fatar kunne. A zuba ɗanyen urushi kwatankwacin yawan ƙullun, a ci gaba da murzawa har in an ɗaga hera haɗin ya biyo ta yana zare kamar cingam. Danƙon alkamar ne ke riƙe ɓarin a wurinsa kafin urushin ya taurara, shi ya sa fulawar burodi ta fi ta kek. In haɗin ya tsinke bai yi zare ba, ko murzar ba ta isa ba ko urushin ya yi kaɗan. A shafa siriri a fuskokin biyu, a bar su kamar minti 20 zuwa 30 su sha iska, sannan a haɗa a matse da ƙarfi har rarar ta fito. Ƙananan ɓari ake fara haɗawa da juna kafin manya, kuma gara a gama duka a zama ɗaya, domin in aka bar ɓari guda sai gobe, kuskuren rabin milimita a sauran ya isa ya hana shi shiga. A bi kowane haɗi da farce a ji ko gefe ɗaya ya fi ɗaya tudu, a gyara tun yana motsi, a ɗaure da salatif a gicciye. Sai a ajiye shi yadda nauyinsa zai danna haɗin, kamar a kafa faranti a tsaye cikin kwanon yashi ko shinkafa.

Daga nan sai haƙuri, mako biyu zuwa uku, wani lokaci wata guda in jikin mai kauri ne. Dalili shi ne iska ba ta isa tsakiyar haɗin sai a hankali daga gefe. Ba a kuma cika danshi a kwanakin farko, don kada bakin ya rufe ya bar cikin ɗanye. Rarar da ta fito waje takan taurara cikin kwana uku, kuma ita ce ke ruɗar mutane su ɗauka an gama. Kofin da aka ci gaba da aiki a kansa a wannan matakin zai iya kaiwa har zinariya lafiya, ranar da aka zuba masa ruwan zafi ya buɗe.

In haɗin ya kama, a kankare rarar da wuƙa mai kaifi, a koma kan ramuka. Babban gurbi, kamar inda baki ya ɓantare aka rasa gutsuren, ana cike shi da kokuso, wato mugi-urushi da aka ƙara wa garin katako kusan daidai da yawansa har ya daina manne wa yatsa. Ba a cike gurbin a tashi ɗaya. Kowane shafi kada ya wuce kaurin milimita ɗaya, a ba shi kwana huɗu zuwa mako, a gwada da bakin wuƙa: in ya kankaru kamar katako ya yi, in ya lotsa a mayar. Gurbin da ya kai zurfin milimita huɗu aikin wata guda ne shi kaɗai. Wanda ya cusa shi gaba ɗaya zai samu ɓawo mai tauri a waje, ciki kuwa ɗanye, kuma ɗanyen urushin da aka binne haka yana iya zama wata da watanni bai kama ba.

Ƙananan ramuka da kwarin layin kuma da sabi ake shafe su. Ana kwaɓa garin dutse mai laushi da ake kira tonoko da ruwa kaɗan har ya yi kamar man goge baki mai kauri, a zuba ɗanyen urushi kimanin rabin nauyin garin ko ɗan fiye. Gwajinsa a ido yake: a shafe haɗin da hera a kan gilashi, in sheƙi ya taso a samansa bayan daƙiƙa biyu ko uku ya yi daidai. In ya fito a bushe urushi ya yi kaɗan, zai riƙa marmashewa. In yana ta ƙyalli tun farko ya yi yawa, zai yamutse. Sabi ba ya ajiyuwa, a kwaɓa wanda za a yi aiki da shi a lokacin. Yana kamawa cikin kwana ɗaya ko biyu, sai a goge shi da ruwa. Abin gugar gargajiya gawayi ne mai laushi, irin wanda ake kira suruga, ko busasshen karan ciyawar tokusa, domin suna cin sabi ba sa karce fatar gilashin. Samfefa mai lamba 800 zuwa 1,000 tana yi, amma a yanka ta ƙanana a kiyaye gefe, in ba haka ba za a bar hazo a jikin kwanon da ba ya gyaruwa. Ana maimaita shafawa da gugar sau biyu, sau uku, har yatsa ya bi ta kan ɗinkin ido a rufe bai ji inda ya fara ba. A ganina nan ne ake gane gwani. Zinariya ba ta ɓoye rami ko tudu, tona su take yi, domin haske na kama duk wani lotso.

Tsagar da ba ta rabu ba ta fi sauƙi. A ɗiga tsinkakken urushi a kanta, ita da kanta za ta tsotse shi har ya ɓullo ta ɗaya gefen, a goge saman, a ba shi mako ɗaya ko biyu.

Sabi yana shan ruwa, don haka sai an rufe shi da fata. Ana zana baƙin urushi tatacce a kan layin da siririn burushi mai dogon gashi, a sa a akwati kwana ɗaya ko biyu, a goge da gawayi har sheƙin ya mutu, a sake. Sau biyu ko uku. Duk inda ya rage yana ƙyalli bayan guga, rami ne. Wannan baƙar fatar ita ce ainihin abin da ke hana ruwa shiga, kuma ƙa'idarta ɗaya ce, siriri. In aka ga ya yamutse washegari, ya yi kauri ne, kuma babu gyara sai a kankare a bar cikin ya kama a sake. Burushin kuma da man girki ake wanke shi a ajiye shi da man a jiki don kada ya ƙandare, sannan a wanke man tas da tarfantin kafin a sake amfani da shi.

Sai ranar zinariya. Ana zana layin da jan urushi mai ɗauke da jan garin ƙarfe, bengara, saboda jan da ke ƙasa yana ƙara wa zinariya ɗumi, baƙi kuwa ya fi dacewa da azurfa. Shafin ya zama mafi siriri a duk aikin, har ana hango baƙin ta cikinsa. A sa a akwati kamar minti 15 zuwa 30 ya fara kamawa. Masu sana'ar na gwadawa da hucin baki: in aka hura wa layin ya yi wani hazo mai shuɗi-shuɗi ya ɓace, lokaci ya yi. In aka yi gaggawa garin nutsewa yake yi, layin ya fito ja-ja mara haske, a yi ta ƙara zinariya tana shigewa. In aka makara ba ya kamawa, ya fito da ɓawo-ɓawo. Ana ɗibar garin da dunƙulen audugar siliki, a zuba a gefen layin, a riƙa turo shi kai a hankali ana zagayawa, ba a danna audugar a kan jiƙaƙƙen urushin.

Garin iri-iri ne. Mafi laushi, keshi-fun, daga ganyen zinariya ake niƙa shi, kuma birnin Kanazawa ne ke buga kusan duk ganyen zinariyar Japan. Yana da sauƙin aiki, kashi ɗaya cikin goma na giram yana gyara ƙananan wurare da dama, amma fatarsa siririya ce, tana gogewa da amfani. Maru-fun ƙwayoyinsa zagayayyu ne masu ɗan girma. Shi sai an bi shi da tsinkakken urushi sau biyu ko uku ya cike tsakanin ƙwayoyin, a goge da gawayi har a yanke kawunansu su zama fili ɗaya, a murza da garin dutse da ɗigon mai, sannan ya ba da sheƙin ƙarfe na gaske. Ya fi cin zinariya da lokaci, ya kuma fi daɗewa nesa ba kusa ba. Don ƙara haske ana dannawa da dutsen aƙiƙ, ko haƙorin kifin tai da aka ɗaura a kan sanda. Keshi-fun ma ana so a bi shi da shafi ɗaya na tsinkakken ɗanyen urushi bayan kwana biyu ko uku, a tsotse da takarda har ta daina ɗaukar launi. In aka bar rara, zinariyar ta dushe ta koma ruwan ƙasa.

Ba kowane kwano ne zinariya ke yi wa kyau ba, kuma wannan magana ce da hotunan intanet suka danne. Farin faranti mai shuɗin zane sau da yawa azurfa ta fi zama da shi. Kwanon yumɓu mai duhu na cin abincin kullum, a bar shi da baƙin urushi ko ja, ya fi ƙarfi ya kuma fi arha, tunda babu abin da zai goge. Akwai kuma yobitsugi, inda ake ɗauko ɓarin wani kwano dabam a cike gurbin da shi. Wasu abubuwan kuma bai kamata a gyara su don amfani ba. Tukunyar da ake ɗorawa a wuta ba ta gyaruwa da urushi. Hannun kofi ko na butar shayi, da yake shi ke ɗaukar nauyin ruwan zafi a kan cinyar mutum, liƙi kaɗai bai isa ba, sai an naɗe haɗin da ƙyallen rama ko zare da aka jiƙa da urushi, ko a huda a sa ƙusa a ciki.

Yawancin kayan koyo da ake sayarwa da sunan kintsugi yanzu gam ɗin efoksi ne da garin tagulla ko na ƙyalƙyali, ana gamawa a yini ɗaya. Akwai kuma fentin da ake kira sabon urushi, wanda ba urushi ba ne, wani irinsa daga man ɓawon yazawa ake yin sa. Don tukunyar fure ko kayan ado babu laifi. Don abin da za a kai baki kuwa, yawancinsu ba a yi su don haɗuwa da abinci ba, tagulla tana dusashewa ta yi tsatsa in ta haɗu da tsami, efoksi kuma yana yin rawaya ya yi laushi da zafi. Mai saye ya tambayi abu biyu: da me aka liƙa, kuma kwana nawa aikin ya ɗauka. Wanda ya ce ya gama cikin kwana uku ba da urushi ya yi ba.

Kula da kwanon da aka gyara daga ranar da aka gama yake farawa. A bar shi aƙalla wata ɗaya kafin a ci abinci a ciki, masu saurin borin fata su ba shi wata biyu ko uku, domin urushi na ci gaba da taurara bayan ya daina danƙo. In yana da wari, a ajiye shi a inuwa inda iska ke ratsawa. Ba a sa shi a na'urar ɗumama abinci ta maikurowef, ƙarfen zai yi tartsatsi ya ƙona layin. Ba a sa shi a tanda ko injin wanke kwanoni, saboda tangaran da urushi ba sa buɗewa da zafi daidai da juna, haɗin sai ya gaji. Shayi ko miya mai zafin da baki ke iya sha ba matsala, amma a guji zuba tafasasshen ruwa a kofi mai sanyi, a fara ɗauraye shi da ruwan ɗumi. A wanke da hannu, da soso mai laushi da sabulun ruwa kaɗan, ban da soson ƙarfe, toka, yashi ko bilic. Kada a bar shi a jiƙe ya kwana, domin jikin yumɓu na shan ruwa ta ƙasa ya tura liƙin daga ciki. A goge da tsumma mai laushi nan da nan. Cokalin ƙarfe da wuƙa suna karce zinariya, na katako ya fi. In za a jera kwanoni a kan juna a sa ƙyalle a tsakani.

Babban abokin gabar urushi hasken rana ne. Abin da ya jure asid da dubban shekaru a cikin ƙasa, rana tana farfasa shi a hankali har ya dushe ya fara gari, don haka ba a ajiye shi a bakin taga, ba a kuma shanya shi a tsakar gida bayan wanki. Bushewar iska mai tsanani da daɗewa a firji ma ba sa yi masa daɗi. Azurfa za ta yi baƙi da lokaci, musamman in tana haɗuwa da ƙwai ko albasa, wasu suna son hakan, wanda ba ya so ya murza a hankali da tsumma mai laushi, ban da man goge ƙarfe. In zinariya ta goge har ja ya fara leƙowa, kwanon bai lalace ba, fatar da ke hana ruwa tana nan a ƙasa. Ana iya ci gaba da amfani da shi haka, ko a goge layin da gawayi a sake zana ja a barbaɗa sabon gari, aikin mako guda. Abin da ke bukatar a daina amfani da kwanon nan take shi ne in gefen layin ya ɗaga har farce na kama shi, ko aka ga danshi yana tsattsafowa ta bayan ɗinkin, ko ƙarar kwanon ta sauya in an ƙwanƙwasa. Wannan alama ce ruwa ya isa ga mugi-urushi, kuma gyaransa sai an buɗe haɗin, an kankare tsohon liƙin har jikin tangaran, an faro daga share fage.